Hoton Uwar Biyu a Bakin Titi

Dogo direba ne a gidan wani babban ɗan kwangila, kuma tun da ya kama aikin Hajiya, matar gidan, yake tuƙawa. Mutum ne mai tsafta har ta so ta yi masa yawa. Kafin masu gida su tashi ya wanke motar ciki da waje, ya goge madubai, ya kakkaɓe tabarmin ƙafa, ya fesa turaren da Hajiya take so. Ƙuda ɗaya ya shiga motar nan, to ba zai tayar ba sai ya ga bayansa. Matarsa, wadda duk layinsu ake kira Uwar Biyu saboda tagwayen 'yan matan da ta haifa, takan ce da yana kula da ita rabin yadda yake kula da ƙarfen mutane, da tuni ta yi ƙibar da ƙofar ɗakinsu ba za ta ɗauke ta ba.

Tela ce ita. A ɗan barandar da ke gaban ɗakinsu na haya ta kafa kekenta, tana ɗinka kayan 'yan makaranta, riga da wando da siket, launi ɗaya har ido ya gaji. Bakinta ba ya hutawa, ƙafarta ma haka. Idan Dogo ya dawo da yamma a ƙasa, takalminsa ya yi futu-futu, sai ta ɗago kai daga keken ta ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe mai mota. Ina aka ajiye mana ita yau? Ko ta ƙi shigowa lungu ne?"

"Tana gaishe ki," yakan ce. "Ta ce kwatar gidanku ta yi mata wari."

Wata rana tana wanka ta ji wani ɗan ƙullutu a mamanta na hagu, bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, kuma ba ya ciwo. Ta gaya wa Dogo, ya ce ta leƙa wurin mai kemis. Mai kemis ɗin bakin layi shi ne asibitin unguwar gaba ɗaya, domin shi kaɗai ne zai ba ka magani yau ka biya ƙarshen wata. Ko duba wurin bai yi ba. Yana sallamar wani ya ce maruru ne yake son fitowa, ya ba ta kafso ja da rawaya, ya ce idan bai fashe ba ta dawo a yi allura. Bai fashe ba. Aka yi allura, aka canja kafso. Lokacin komawa makaranta ya zo, aiki ya yi mata rubdugu, ta ce bari dai a gama wannan karon tukuna. Ƙullutun kuwa yana nan yana harkarsa, har ya kai girman ƙwai.

A cikin mota Dogo ya fara jin sunan ciwon. Hajiya ta saba zuwa wani asibitin kuɗi a duba ta daga sama har ƙasa ko da lafiyarta ƙalau, kamar yadda shi yake kai mota a canja mata baƙin mai. A irin wannan dubawar aka ga wani abu a mamanta, ɗan mitsitsi, wanda ita kanta ba ta taɓa jin sa ba, na'ura ce ta gano shi. Ta fito ta shiga bayan mota ta kira yayarta tana kuka. Masu gida ba sa ɓoye wa direba magana, don a wurinsu shi da sitiyari duk ɗaya ne. Ya ji tana cewa cutar daji ce, ƙullutu ne da ba ya ciwo, kuma likita ya ce da an bar shi ya girma da sai dai wani ikon Allah. Danja ta ba da hannu Dogo bai ma gani ba, sai da na baya suka cika masa kunne da hon.

Washegari ya roƙi hutun yini ya kai Uwar Biyu babban asibitin gwamnati.

Ya riga ya san asibitin Hajiya, inda ƙasa take ƙyalli har kana ganin fuskarka, inda har direba ake kawo wa ruwan sanyi. Nan kuwa tun daga bakin ƙofa wari ya tare su. Banɗakin marasa lafiya ya cika ya tumbatsa, ruwansa ya biyo baranda, mutane suna tsallakewa da ledojin magani a hannu. Wasu sun shimfiɗa kwali a ƙasa sun kwanta, ƙuda yana bin bandejinsu. Wata kyanwa tana cin abin da Dogo bai yarda ya sake kallo ba. Suka bi layin kati har rana ta take, suna zuwa gaban taga aka ja labule, wai mai rubutawa ya fita cin abinci. Da suka samu katin, aka ce likitan wannan ɓangaren ba kullum yake zama ba, su dawo ranar da aka rubuta musu, ranar kuma tana can gaba da nisa.

Suka dawo. Aka yanki 'yar tsoka daga wurin aka ce za a kai ɗakin gwaji. Daga nan zirga-zirga ta fara. Yau a ce sinadarin gwajin ya ƙare, gobe a ce ma'aikata sun tafi yajin aiki, da suka dawo aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Akwai wani mutum mai farar riga da yake shawagi a barandar ɗakin gwajin, ba wanda ya san aikinsa. Ya ja Dogo gefe yana murmushi, bakinsa yana warin taba, ya ce, "Yallaɓai, takarda ma tana jin yunwa. Idan ta ga abu sai ta yi ƙafa." Dogo ya kalli hannun da mutumin ya ɗora masa a kafaɗa, ya ji kamar ya je ya yi wanka. Amma ya ba shi. Takardar ba ta yi ƙafa ba.

A wannan tsakanin an ba Hajiya nata sakamakon, an yi mata aiki an cire abin, wurin ya warke, har ta fara karɓar maganin da ake ɗurawa ta jijiya. Duk Dogo ne yake kai ta yana dawo da ita.

Ranar da sakamakon Uwar Biyu ya fito, wata likita ce ta karɓe su, yarinya ce ba ta manyanta ba, idonta ja wur don gajiya. Ta buɗe rigar Uwar Biyu ta duba, ta taɓa hammata, ta ja tsaki.

"Me ya sa kuke haka ne? Sai abu ya lalace sannan ku kwaso mana shi. Ina kuke tun tuni?"

"Muna nan waje, likita," in ji Uwar Biyu. "A kan bencinku. Har ya san ni."

Likitar ta juya katin ta duba ranar da aka buɗe shi. Da ta sake magana muryarta ta sauka. Ta ce cutar daji ce, ta kama hammata, amma har yanzu akwai abin yi. Za a ɗura mata magani zagaye-zagaye ba tare da tsallake ko ɗaya ba, sannan a yi aiki, sannan a yi gashi da na'ura. Sai dai maganin babu shi a kantin asibiti, a waje za su sayo. Na'urar gashin kuma ta daɗe da lalacewa, ana jiran wani ƙarfe daga ƙasar waje. Ta rubuta sunan maganin ta miƙa wa Dogo ba tare da ta kalle shi ba. Da ya kai kanti aka faɗa masa farashin zagaye ɗaya, sai ya yi dariya, don ya ɗauka mai kantin wasa yake yi.

Bai yi niyyar gaya wa Hajiya ba. Ranar ce dai, suna dawowa daga asibitinta, maganin ya tayar mata da zuciya ta yi amai a bayan mota, a kan kujera da jakarta da komai. Ya faka a gefen titi, ya ɗauko ruwa da tsumma ya gyara wurin, ita kuma tana zaune a bakin ƙofa, ɗankwalinta ya zame, kanta ba gashi ko ɗaya, tana ba shi haƙuri kamar ƙaramar yarinya. A ranar ya ji tausayinta har cikin ransa. Shi ya sa bakinsa ya suɓuce ya ce matarsa ma abin da take fama da shi ke nan.

"Innalillahi! Dogo, shi ne ba ka faɗa ba?" Ta riƙe baki, idonta ya kawo ruwa. A take ta biya zagayen farko, kuma Dogo bai taɓa musun wannan alherin ba, ko a gabanta ko a bayanta.

Sai dai ba a daɗe ba aka fitar da Hajiya ƙasar waje don a yi mata gashi da na'ura. Dogo ya koma tuƙa maigidan. Ya daɗe yana juya maganar a baki kafin wata safiya ya roƙe shi taimako. Maigidan bai ɗago daga wayarsa ba. Ya ce kowa da irin nasa nauyin, shi ma ga abin da yake kashewa a kan tasa matar, amma zai sa a ba Dogo wani abu a riƙa cirewa daga albashi. Da wannan aka yi zagaye na biyu. Na uku, keken ɗinki ne ya tafi. Uwar Biyu da kanta ta goge shi ta sa masa mai kafin mai saye ya zo, ta ce kada a ce tela ƙazama ce. Daga nan sai abin ya koma idan an samu a yi, idan ba a samu ba a zauna. Likitar ta ce wannan tsallaken shi ne yake ba ciwon ƙarfi, ya huta ya dawo ya fi da. Ta faɗa ne tana kallon bango, don ta san ba wani sabon abu take gaya musu ba. Maganar aiki kuma aka ɗage, aka ce sai ƙullutun ya motse, shi kuwa sai gaba yake yi.

Daga baya wurin ya fashe.

Dogo bai taɓa sanin jikin mai rai yana iya irin wannan warin ba. Ya kama labule, ya kama katifa, ya kama kayan makarantar 'yan biyu, har ƙanwar Uwar Biyu ta kwashe yaran ta kai gidanta. Matan gidan hayar da suke cika barandarta da hira suka janye murhunsu zuwa can bayan gida. Matar mai gidan hayar ta aiko da saƙo wai a riƙa rufe ƙofa saboda yara. Safe da yamma Dogo yake wanke wurin da ruwan gishiri, ya cire audugar da ta jiƙe ya sa sabuwa. Yakan danne numfashi har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ka yi numfashi mana, Baban Biyu," ta ce masa wata safiya, idonta a rufe. "Kada mu tashi da majinyata biyu a ɗaki ɗaya. Katifar ba za ta ishe mu ba."

Ya so ya yi dariya ya kasa. Abin da ya fi damunsa shi ne idan ya isa wurin aiki ya shiga motar nan mai sanyi da ƙamshi, sai ya ji daɗi. Yakan ja numfashi ya cika ƙirjinsa, ya kuma ji ya tsani kansa a kan haka. Wani lokaci an sallame shi amma sai ya tsaya yana goge tayar da ya riga ya goge.

Hajiya ta dawo ta warke sarai. Gashinta ya fito, kumatunta sun ciko, likitocin can sun ce ba su ga sauran komai ba. Ta dawo kuma da buri: za ta kafa gidauniya don taimakon mata masu irin ciwonta. Ta ɗauki wata budurwa sakatariya, mai dogayen farata da wayoyi biyu, suka yi ta shirin taron buɗewa a mota, Dogo yana ji. A nan Hajiya ta tuna.

"Af, Dogo, ya mai jiki? Kai, ka ga Allah ya kawo. Ita za mu fara ɗauka. Gidauniya za ta ɗauki nauyinta gaba ɗaya. Ka kawo ta wurin taro mutane su gan ta da idonsu."

Ya ce jikin ya yi nauyi, fita tana yi mata wuya. Sakatariyar ta juyo ta ce ai hakan ma ya fi, masu bayarwa sun fi buɗe hannu idan sun ga abu a fili.

Uwar Biyu ba ta yi gardama ba. "Idan kallo ne zai sayi magani, su kalla," ta ce. "Dama kyauta maƙwabta suke kallona."

A babban ɗakin taro na wani otal aka yi. Dogo da ƙanwar suka yi mata wanka, suka ninka auduga, suka sa mata rigarta mafi kyau wadda ita ta ɗinka da hannunta, yanzu tana yawo a jikinta kamar ta aro. Suna shiga sakatariyar ta taho da fara'a, ta matso, sai fara'ar ta tsaya a rabi. Ta ja baya, ta sa bayan hannu a hanci kamar tana gyara tabarau. Ta ce kujerun ciki duk an rubuta sunaye, amma akwai wuri mai iska a baya. Wurin mai iska shi ne lungun da masu raba abinci suke wucewa, kusa da inda ake tara kwanukan da aka ci. Nan aka ajiye wa Uwar Biyu kujerar roba. Masu hidima suna wucewa da farantan nama da kaji, kowanne ya zo daidai ita sai ya kauce ya ƙara sauri.

Ta ƙofar da aka bari a buɗe Dogo yana jin jawabai. Wani babban mutum ya ce matsalar matanmu ita ce jahilci, sai su zauna a gida suna shafe-shafe har ciwo ya ci ƙarfinsu. Aka tafa. Hajiya ta hau ta ba da labarinta, ta yi kuka na gaskiya, ta ce abin da ya cece ta shi ne zuwa da wuri, da ƙarfin zuciya, da yawan cin ganye. Ba ta ambaci jirgi ba, ba ta ambaci na'urar da ta je nema a wata ƙasa ba. Aka tafa har da tsayuwa. Dogo ya kalli matarsa. Ta jingina kai da bango, gumi yana bin wuyanta, ƙuda ɗaya ya samu gefen rigar inda ruwan ya fara ɓullowa. Ya kore shi, ya dawo.

Can sakatariyar ta zo da gudu ta ce lokaci ya yi. Kafin su ankara ta fesa wa Uwar Biyu turare daga kai har ƙafa, irin wanda ake fesa wa ɗaki, ta yafa mata wani gyale ruwan hoda a kan kafaɗar hagu don ya rufe wurin. Aka hau da ita. Hajiya ta rungumo ta ta ɓangaren dama, masu hoto suka yi ta walƙiya. "Yi murmushi, Mama! Ɗago hannu, Mama!" Uwar Biyu ta ɗago hannun da yake ɗaguwa, ta yi murmushi, kuma abin takaicin shi ne murmushin ya yi kyau, don ba ta iya na ƙarya ba. Manyan mutane suka yi ta tashi suna faɗin abin da za su bayar. Ana gamawa aka sauko da ita ta ƙofar baya, sakatariyar ta karɓe gyalen da yatsu biyu ta jefa a kwandon shara. Dogo yana waiwayowa ya ga wani ma'aikacin otal yana goge inda ta tsaya.

Suka koma gida da kwali ɗaya: shinkafa, sabulu, man girki, da riga mai hoton Hajiya a gaba.

Maganar magani kuwa, sai kwamiti ya zauna. Kwamiti ya daɗe bai zauna ba, domin waɗanda suka yi alkawari a gaban kyamara yawancinsu sun daina ɗaga waya, abin da ya shigo kuma an riga an tsara shi don wayar da kai. Da Dogo ya matsa, Hajiya ta yi wa sakatariyar faɗa a gabansa, aka fitar da kuɗin zagaye ɗaya. Ya kai wa likitar da saurinsa. Ta sa aka ɗauki hoton ƙirjin Uwar Biyu, ta ɗaga shi a taga ta daɗe tana kallo. Ta ce ciwon ya shiga huhu, ya shiga ƙashin baya. Ta ce ya riƙe abin da ke hannunsa ya saya mata maganin rage zafi mai ƙarfi, idan ya samu, don shi ma ba ko'ina ake da shi ba.

"Da a ce tun farko komai ya tafi daidai fa, likita?" Dogo ya tambaya.

Ta cire tabarau ta murza ido. "Irin nata ana warkewa," ta ce. "Kullum ana warkewa. Kai ma ka sani."

Ya sani. Shi yake buɗe wa shaidar hakan ƙofar mota kowace safiya.

Uwar Biyu ta rasu da hantsi, ƙanwarta tana riƙe da kanta, Dogo yana can yana jiran Hajiya a ƙofar wani shagon gyaran gashi. Hajiya ta zo gaisuwa da kanta, ta zauna a kan tabarma a barandar da keke yake a da, ta rungume 'yan biyu ta yi kuka. Mutanen layi suka yi ta cewa lallai Dogo ya yi sa'ar uwar ɗaki.

Bai daɗe da komawa aiki ba ya ga allon. A babbar mahaɗar da suke bi kullum aka kafa shi, ya fi gidan sama tsayi. Ga Hajiya, ga Uwar Biyu da gyale ruwan hoda, hannu a sama, tana murmushi. An goge mata ramar fuska, an ƙara mata haske, har ta fi ranar aurensu kyau. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: MUN YI NASARA. KE MA ZO DA WURI.

Ya roƙi Hajiya a sauke. Ta ce wallahi ita ma abin ya dame ta, an riga an buga kafin rasuwar, kuma an biya kamfanin talla har ƙarshen shekara, amma za ta yi magana. Ba ta yi ba, ko ta yi ba a ji ba. Kullum sai sun tsaya a danjar nan, kuma kullum Dogo yana kallon lambar motar da ke gabansa har a ba da hannu.

Wata rana a daidai wurin, Hajiya ta ajiye wayarta ta ce, "Dogo, na yi wani tunani. Taron bana kai za ka yi magana. Maza suna buƙatar ji daga bakin namiji. Ka gaya musu abin da jinkiri ya jawo maka, don kada su bar matansu a gida kamar yadda aka yi. Ka ga ko ba komai mutuwarta ta yi amfani."

Ya kalle ta ta madubi. Fuskarta cike da kirki, babu alamar mugunta ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi tayar masa da zuciya. Da da gangan take yi, da ya san inda zai ajiye ta.

"Hajiya, ba mu yi jinkiri ba," ya ce. "Mun je. Layi muka bi."

"Na sani, na sani, amma ai da farko wurin mai kemis kuka..."

"Shi ne yake ba da bashi."

Ta tsuke baki. Can ta ce ta ga alama har yanzu zafin rashin bai sake shi ba, ya ɗauki hutu ya huta, maganar taro a bar ta sai ya huce. Ya ce to. Ya kai ta inda za ta, ya buɗe mata ƙofa, ya ce a sauka lafiya. Da wata ya ƙare ya wanke motar ciki da waje, ya miƙa wa maigadi makulli, ya ce a gaya wa masu gida ya gode.

Ya samu aikin tuƙa wata tsohuwar motar ɗaukar bulo, mai ƙofa ɗaya da ake ɗaurewa da waya. Albashin bai kai na da ba, 'yan biyu suka koma makarantar da ta fi araha, suna sa kayan da wani tela ya ɗinka, wuyan rigar a karkace. Mutane suka ce Dogo ya yi wauta, ya bar inuwa ya shiga rana. Yakan zagaya ta wata doguwar hanya don kada ya bi ta mahaɗar, mai motar yana ta ƙorafin mai.

Bayan shekara ta juya, wata rana aka rufe doguwar hanyar ana gyara, dole ya biyo ta nan da lodin bulo. Cunkoso ya tsayar da shi daidai ƙarƙashin allon. Wasu ma'aikata biyu suna sama a kan tsani suna yanke hoton da wuƙa, za su liƙa tallan sabuwar waya. Suna yankowa suna sakowa ƙasa, wani ya faɗa kan titi mota ta taka, wani ya faɗa cikin kwata. Dogo ya ja birki, ya kwance wayar ƙofa ya sauko. Ɓangaren da fuskar Uwar Biyu take ya faɗa rabi a kwata, baƙin ruwa ya jiƙa gefensa. Ya sa hannu ya jawo shi. Fuskar ta fi faɗin ƙirjinsa, rana ta cinye launinta, amma murmushin yana nan. A kan kafaɗarta akwai yatsun Hajiya da zobba.

"Malam, ara mini wuƙarka," ya ce wa na kan tsani.

Ya durƙusa a bakin titi ya yanke yatsun a hankali, ya bi gefen gyalen ruwan hoda ya cire shi duka, ya tura su cikin kwatar da ƙafa. Na baya sun dame shi da hon, wani yana zaginsa ta taga. Ya goge sauran da hannun rigarsa, ya naɗe, ya sa a bayan kujera, ya hau ya ɗaure ƙofarsa ya tayar.